Tayar da Na Yi wa Tsaga

Damina biyu ke nan da sayen littafin da nake wannan rubutu a ciki. Na fara ya fi sau goma ina yage takardar. Wani lokaci in ce wa kaina ni ba marubuci ba ne, karatuna bai wuce firamare ba, masu ilimi za su yi mini dariya. Wani lokaci kuma in ji tsoron kada rubutun ya zama tonon asirin wanda ya yi mini alheri, ko ya zama riya, a ce yabo nake nema. Har wurin wani malami na je na tambaya ko ya halatta mutum ya faɗi laifin da Allah ya rufa masa. Ya ce in akwai haƙƙin wani a ciki, kuma faɗar ce kaɗai hanyar kaiwa ga mai haƙƙin, to in faɗa. Duk da haka sai da na ƙara wata shida ina juya maganar. Haka nake tun ina yaro. In na kulle ƙofa sai na dawo na ja kwaɗon sau biyu ko uku. Alwala kuwa, matata ta ce ruwan da nake ƙararwa ya isa a wanke kayan gida guda. Na faɗi wannan ne don mai karatu ya san irin mutumin da ke ba shi labari, ya kuma san cewa duk taka-tsantsan ɗina bai hana ni yin abin da na yi ba.

Ni mai faci ne a Suleja, na fi shekara ashirin ina aikin taya. Mahaifina wanzami ne a unguwar Hashimi. Ya so in gaje shi, ya koya mini riƙon aska tun hannuna bai gama ƙwari ba, yana kuma yawan gaya wa mutane cewa hannuna ya fi na yayyena natsuwa. Amma ranar da ya fara miƙo mini aska a kan jariri, zufa ce ta karyo mini. Abin da nake ta tunani shi ne, in na zarce fa? Na ajiye askar na fita waje. Bai yi mini faɗa ba. Bayan sati biyu ya kama hannuna ya kai ni wurin wani abokinsa mai rumfar tayoyi a bakin hanyar da ta fita zuwa Abuja, ya ce tunda jini nake tsoro, ga abin da ba shi da jini.

Wannan aboki nasa shi ya zama maigidana. Alhaji muke ce masa, kuma ba zan faɗi abin da zai sa a gane shi ba. Ya riƙe ni kamar ɗan da ya haifa. Shi ya tsaya mini a aurena, shi ya kawo ragon sunan ɗana na fari. Aiki kuwa bai taɓa yankewa a rumfarsa ba, domin mutanen garin nan da yawa a Suleja suke kwana, a Abuja suke wuni. Tun asuba motocin haya ke kwasarsu, da yamma su dawo da su, kullum ƙafar mota tana kan kwalta. Taya ba ta daɗewa a irin wannan hanya.

In taya ta ci hanya, zanen da ke jikinta yakan goge, ta suɗe ta zama kamar tafin hannu. Direba ba ya son a gan shi da suɗaɗɗiyar taya, domin masu duba motoci a hanya ita suke fara kallo. Sabuwa kuma ta fi ƙarfin yawancinsu. To akwai wata dabara. Ana samun ƙarfe mai lanƙwasasshen baki, a gasa shi ya yi ja, a bi sawun tsohon zanen ana yanke sabon rami a cikin robar da ta rage. In an gama a wanke tayar, a goge ta da baƙin man takalmi, a jingine ta cikin 'yan Beljiyam, wato tayoyin gwanjo da ake kawowa daga waje. A rumfarmu tsaga muke kiran wannan aiki. Duk wanda ke cikin sana'ar ya san abin da ke ƙarƙashinsa. Robar da ke tsakanin kwalta da wayar cikin taya takan zama siririya, in rana ta yi zafi ga lodi, tana iya fashewa ba sallama.

Ba ni na kawo tsaga rumfar ba, amma a hannuna ta yi kyau. Sauran masu yi layinsu yakan karkace, wani wuri zurfi wani wuri sama-sama. Nawa kuwa yakan tafi daidai, kamar daga kamfani. Hannun da mahaifina ya yaba shi ne ya tashi. Har daga wasu rumfuna ake kawo mini tayoyi, aka riƙa ce mini wanzamin taya, ni kuma ina jin daɗin sunan, ko da yake ban taɓa nunawa ba.

Da yake ni matsoraci ne, sai na kafa wa kaina dokoki. Ba na yanka har in kai ga waya. Ba na yi wa taya tsaga sau biyu, kuma don in gane wadda na taɓa yi wa, nakan ja mata 'yan layuka uku ƙanana a gefen ciki, kusa da baki, inda ido ba ya kaiwa sai an kwance ta. Duk wadda aka saya da hannuna nake ɗaura ta, kuma a baya nake sa ta, domin in tayar baya ta fashe direba yana iya riƙe mota, ta gaba kuwa sitiyari take ƙwacewa daga hannunsa. Doka ta ƙarshe ita ce ta baki. Ban taɓa ce wa kowa sabuwa ce ba, ban taɓa cewa mai kyau ce ba, ban taɓa rantsuwa a kan taya ba. In aka tambaye ni, amsata ɗaya ce kullum: da sauranta.

Na daɗe ina auna wannan kalma kafin in zaɓe ta. Ai kowace taya da sauranta muddin tana riƙe iska. Tsoho ɗan shekara casa'in ma da sauransa. Mai saye yakan ji abin da yake so ya ji, ni kuma in wuce masallaci ina ganin bakina bai yi ƙarya ba. Shekaru na yi a haka.

A cikin direbobin da ke zuwa wurinmu akwai wani mutumin Filato, Kirista, yana haya da iyalinsa a unguwar Bagama. Farar bas yake ja tsakanin Suleja da Abuja, a bayanta an rubuta Sannu Ba Ta Hana Zuwa. A tasha ba a cika kiran direba da sunansa ba, da rubutun motarsa ake kiransa, don haka kowa Sannu yake ce masa, ni ma haka. Shi kuma Malam yake ce mini. Hausarsa irin ta mutanen can ce, komai namiji ne a bakinsa. In ya ce taya ya yi faci, sai in ce masa taya mace ce, shi kuma ya ce to in mace ce in nemo masa mai haƙuri, don ta gidansa ma ta ishe shi. Ya san halina sarai. In Kirsimeti ta zo, da rai yake kawo mini kaza, ya ce in yanka da kaina kada in kwana ina tambayar wa ya yanka, wace gabas ya kalla. Ni kuma in Babbar Sallah ta zo sai in aika masa da cinya. Ya taɓa cika baki a rumfarmu cewa shi daga tsallaken titi yake gane tayar tsaga, domin layinta kamar tafiyar mashayi yake. Aka yi dariya, har da ni.

Wata rana cikin bazara, lokacin da kwalta ke narkewa da tsakar rana, ya zo neman taya ɗaya. Ya zagaya waɗanda ke jingine, ya buga wannan da ƙafa, ya matsa waccan, sai ya tsaya a kan wadda na gama yi wa tsaga kwana ɗaya kafin nan. Ya sa yatsa cikin zanen yana bi. Alhaji yana zaune a kan benci da rediyonsa, na san yana ji.

Sannu ya ce, "Malam, tsakaninka da Allah, wannan zai kai ni damina?"

Na ce, "Da sauranta."

Ya yi dariya ya dafa kafaɗata, ya ce shi ya sa ba ya zuwa wurin kowa sai wurina, wai ni ko makaranta aka sa ni ba zan iya koyon ƙarya ba. Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, ko matata, sai yanzu da nake rubutawa. A lokacin da yatsansa ke bin layin nan bai gane ba, daɗi na ji. Mutumin da ke gane tsaga daga tsallaken titi ga shi ya taɓa tawa da hannunsa ya ɗauka ta kamfani ce. Na ɗaura masa ita a baya, ɓangaren dama, na ɗaure ƙusoshin na sake bi sau biyu, ya tafi.

Bayan sati guda, ranar Laraba da hantsi, ya tsaya a gaban rumfa da mota cike da fasinja, ya ce in ƙara masa iska a gaba. Na ja tiyo na tsuguna a tayar gaba ta ɓangaren direba. Ina ɗora ido a kanta na gane hannuna, kamar yadda mutum ke gane rubutunsa. Na ɗaga kai, ya leƙo ta taga yana murmushi, ya ce ai ya mayar da ita gaba tun shekaranjiya.

"Mai kyau ai gaba ake sa shi, Malam. Kai da kanka ka manta, ka ɓoye mini shi a baya?"

Gaskiya ya faɗa. Kowane direba ya san tayar da ta fi kyau ita ake sa wa a gaba. Duk shekarun da na yi ina sa tayoyina a baya ina ganin na yi dabara, ban taɓa tunanin cewa kyan aikina ne zai sa a ɗauke su a kai su inda na fi tsoro ba. Ban san ko nawa aka mayar gaba kafin wannan ba.

Bakina ya buɗe. Wata mata mai kayan ofis a kujerar gaba ta ce don Allah a yi sauri, ta riga ta makara. Na waiwaya na ga Alhaji a kan bencinsa. Na ƙara iskar, na ma rage mata kaɗan daga yadda ya saba, na rufe. Abin da ya fito daga bakina shi ne, Allah ya tsare hanya. Sannu ya ce amin, ya ja mota.

Daga wannan Laraba zuwa Litinin kwana biyar ne, kuma na san abin da na yi da kowace rana a ciki. Alhamis na wuni ina kallon titi, na ce in ya tsaya zan ja shi gefe. Ya wuce sau biyu, ya danna mini oda, bai tsaya ba. Juma'a ina idar da sallar asuba na tafi tasha, aka ce ya riga ya yi lodi ya tashi. Wani ɗan kamasho ya ce in bar saƙo, na ce ba komai, gaisuwa ce. Lambar wayarsa tana wurina, na fito da ita ya fi sau biyar, amma na ce wannan ba maganar waya ba ce. Asabar na zauna ina auna zunubi biyu. In na faɗa, na ci amanar mutumin da ya riƙe ni shekara ashirin, labari zai zaga tasha, rumfarsa ta mutu. In na yi shiru, na ci amanar wanda ya yarda da ni. Na yi tunanin in ce masa kawai na ga wani ɗan kumburi a gefen tayar, ya mayar da ita baya. Wannan da ta wadatar. Amma ƙarya ce, babu kumburi, ni kuma ba na ƙarya. Sai na tsaya neman wata kalma irin tawa ta da, wato da sauranta, wadda za ta sa ya cire tayar ba tare da na yi ƙarya ko na tona asiri ba. Ban samu ba.

Lahadi ba ya aiki. Da la'asar na taka har Bagama, na kai bakin layinsu. Na hango shi a ƙofar gida cikin kayan coci, da matarsa da 'ya'yansa, ga baƙi a kan benci ana ta hira. Motar tana fake a gefe, ina ganin tayar daga inda nake. Na ce a raina ba a yi wa mutum irin wannan magana a gaban iyalinsa da baƙinsa, gobe ma rana ce. Na juya.

Litinin da la'asar wani ɗan acaɓa ya tsaya shan iska a rumfarmu, ya ce an yi hatsari can bayan Zuba, motar Sannu ce, tana dawowa da fasinja da tsakar rana. An rasa rayuka, shi direban an ciro shi da rai amma ƙafafunsa sun karye. Na tambaye shi me ya jawo. Ya ce taya ce ta fashe. Na ce wacce? Ya ce shi dai bai tsaya ƙirga tayoyi ba. Kafin magariba labarin ya kasu uku. Wasu suka ce tayar gaba ce, wasu suka ce ta baya, wasu kuma suka rantse cewa ba taya ba ce sam, babbar mota ce ta matse shi ya faɗa rami.

Washegari na hau mota na je wurin. An ja bas ɗin gefen hanya, ta lotse ta ɓangaren direba, tana zaune a kan duwatsu. Ƙafafunta huɗu duk an kwance an tafi da su, kuma ba wanda ya san wanda ya kwance. Na shiga ciyawar bakin hanya ina tsintar guntayen roba. Sai a ranar na lura cewa bakin hanyar nan cike yake da guntayen tayoyi, tsofaffi da sababbi, na manyan motoci da na ƙanana. Na cika buhu na zauna a ƙarƙashin wata bishiya ina dubawa ɗaya bayan ɗaya. Na sami guntu ɗaya mai tsawon tafin hannu, da rami a jikinsa wanda ya tafi daidai. Yana iya zama nawa, yana iya zama na kamfani. Aikin nawa ya yi kyan da ni kaina ba na iya rabewa. Guntun yana cikin akwatin kayan aikina har yau.

Daga can na wuce asibitin da aka ce an kai su. Ma'aikaciyar da ke bakin ƙofa ta tambaye ni sunan wanda nake nema. Nan na farga. Shekara tara ina cin kazar mutumin nan, ban san sunansa ba. Na ce direba ne, Sannu ake ce masa. Ta ce yawwa sannu, amma suna take tambaya. Na kwatanta mata, ta ce in dawo lokacin ziyara da cikakken suna. Da na nace, na san da an kai ni. Amma gaskiyar magana, da ta ce in tafi, sauƙi na ji. Sai da na yi sati biyu ina shirya abin da zan ce masa kafin in je Bagama. Na tarar da ɗakin a buɗe ana shafa masa fenti. Mai gidan ya ce 'yan'uwansa sun zo sun ɗauke shi daga asibiti zuwa garinsu wurin mai ɗori, matar ta kwashe kaya ta bi su. Na tambayi wane gari, ya ce can wajen Filato dai. Na kira lambarsa, ba ta shiga, har yau kuma ba ta shiga.

Na koma rumfa amma na kasa ɗaukar ƙarfen tsaga. Kwana uku Alhaji yana kallona, a na huɗu ya kashe rediyo ya ce in zo in zauna. Na gaya masa yadda aka yi, har da zuwana Bagama ranar Lahadi. Bai yi fushi ba. Ya ce wasiwasi ne ke damuna, irin wanda ke sa ni maimaita alwala. Ya ce sabuwar taya fil ma tana fashewa, kuma wanda kwanansa ya ƙare ko a kan tabarma yake sai ya tafi. Ya tambaye ni ko na ga layukana uku a jikin wadda ta fashe, na ce ban gani ba. Ya ce to alƙali ma ba ya yanke hukunci da ƙila. Sannan ya faɗi maganar da har yau ban sami amsarta ba.

"Kai wanzami, in ka ajiye ƙarfen nan kana tsammanin za su daina saye? Sabuwa za su saya, da me? Wurin masu rumfunan tsallake za su koma, masu yanka har waya. Kai kana kashe ɗaya cikin dubu, su suna kashe ɗaya cikin ɗari. Zaɓi wanda ka fi so."

Na ce, "Alhaji, ni ba na son ko ɗaya."

Ya ce to sai in nemi wata duniyar, wannan dai haka take.

Da safe muna shan koko na maimaita wa matata duk abin da Alhaji ya ce. Ina maimaitawa ina jin kamar maganar tana shiga, har na fara cewa wataƙila da gaskiyarsa, wataƙila hannuna rahama ne ga direbobi. Ta bar ni na gama. Sai ta tuna mini shekarar da ƙanena ya sayi tasi ya zo rumfarmu neman taya, yadda na ja shi bayan rumfa na ce kada ya taɓa na jere na farko, inda muke jingine na tsaga, na kai shi wani wuri da kaina. Ni ne na ba ta labarin a lokacin, ina alfahari da shi.

Ta ce, "Shi ba ka ce masa da sauranta ba. Wanzami dai ba ya son jarfa." Ta kwashe kofuna ta shiga ciki.

A ranar na je na durƙusa a gaban Alhaji na nemi ya sallame ni. Ya ce in ɗauki tsohon injin ba da iska da ke bayan rumfa, kyauta, kada a ce ɗan abokinsa ya fita hannu rabbana. Ya ce Allah ya ba da sa'a, amma bai kalle ni ba. Muna gaisawa a wurin jana'iza da ɗaurin aure, iyakarta ke nan. Ƙarfen tsagar na bar shi a inda yake rataye. Na yi tunanin in tafi da shi in jefa a rijiya, sai na tuna ba nawa ba ne.

Yanzu a ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya nake, ni da injin da bahon ruwa. Faci nake yi da ba da iska, ba na sayar da taya. In direba ya kawo suɗaɗɗiya ya tambaye ni, nakan ce ta mutu. In ya ce ko a baya ba za ta yi ba, in ce ta mutu. Ba sa son jin haka. Wani ya ce shi faci ya kawo ba ta'aziyya ba. Wani ya raɗa mini suna mai wankan gawa, sunan kuma ya bi ni, har 'yan Keke Napep suna ɗaga mini hannu suna tambayar gawa nawa aka yi yau. Da yawa sun daina zuwa. Akwai kwanakin da tukunyar gidana ba ta hawa wuta sai da yamma, matata ba ta taɓa yi mini gori ba, amma ina ganin yadda take auna garin tuwo. Wanda ya yarda ya bar mini matacciyar tayarsa, nakan sa wuƙa in farke gefenta a gabansa don kada wani ya tsince ta ya yi mata tsaga, sannan in ba masu yin takalma da guga da mazubin ruwan dabbobi.

Da, in mota ta tsaya, ƙafarta kawai nake kallo. Yanzu kafin in tsuguna sai na ɗaga kai na dubi waɗanda ke zaune a ciki, ban san dalili ba, idon ne ke zuwa da kansa. Nakan tuna matar nan mai kayan ofis da ta ce a yi sauri. Ban sani ba ko tana cikin motar ranar Litinin.

Ba zan ce na gyara komai ba. Ana nan ana tsaga a tsohuwar rumfarmu da sauran wurare, kuma hannun da ya gaje ni bai kai nawa ba. Wani lokaci mota takan tsaya a wurina in ga layi a karkace, waya tana leƙowa daga cikin ramin, sai maganar Alhaji ta dawo mini sabuwa. In gaya wa direban, wani ya ji, wani ya ce in ba shi iska kawai in bar wa'azi. Yana yiwuwa barin da na yi ya ƙara ɓarna a hanyar nan. Na auna wannan ma har na gaji. Abin da na sani kawai shi ne ba zan iya sake furta kalmar nan ba. Ko a gida, in aka tambaye ni ko shayi ya ƙare, sai in ce akwai kaɗan.

Ga abin da ya sa na yi wannan rubutu. Ina roƙon duk wanda ya karanta, ko aka karanta masa, ya taimake ni da abu biyu. Na farko, in akwai wanda ya san direban farar bas mai rubutun Sannu Ba Ta Hana Zuwa, mutumin Filato da ya zauna a Bagama, dogo, mai wushirya, ya gaya mini garinsu, ko yana raye, ko yana taka ƙafarsa. In ya rasu, a nuna mini inda matarsa da 'ya'yansa suke. Ba wani abu zan kai musu ba, ba ni da shi. So nake in tsaya a gabansa in ce masa tayar tsaga ce, ni na yi ta, na kuma gan ta a gaba na yi shiru kwana biyar. Abin da ya ga dama ya yi da maganar.

Na biyu, wanda ya kwance ƙafafun motar nan a bayan Zuba, ko wanda ya saye su, ko wanda ke cikin motar ya tsira, ba neman rigima nake da kowa ba, ba kuma zan tambayi sunan kowa ba. Tambayata ɗaya ce: wace taya ce ta fashe, kuma akwai 'yan layuka uku ƙanana a gefenta na ciki, kusa da baki? In akwai, a gaya mini akwai, kada a tausaya mini a nemo wata kalma mai laushi. Nemana ba wuya. A tashar motocin Abuja a tambayi mai facin da ake ce wa mai wankan gawa, za a nuna bishiyar. Ina nan daga hantsi zuwa magariba, ban da lokacin sallah.